In fedar birki ta nutse

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504 sun daɗe suna ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Rayukan fasinja suna rataye ga birkinsu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. In birki ya yi jinkirin kamawa, ana iya banke yaro ko dabba a kan hanya.

Yaya birki yake aiki? In direba ya taka feda, sai ta tura man birki daga cikin babban famfo. Man ya bi ta cikin tiyo har zuwa ƙafafu huɗu na mota. Can sai ya tura takalman birki, su matse gangar ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafar direba yake isa ga kowace taya. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana wannan hali na ruwa.

In feda ta sauka ƙasa sosai, makaniki yakan bincike abu huɗu.

Na farko, yoyo. Yakan buɗe ƴar tukunyar man birki ya duba. In mai ya ragu ƙwarai, to yana zuba a wani wuri. Sai ya bi tiyo yana shafawa, ya leƙa bayan kowace taya, har ya ga inda ya jiƙe.

Na biyu, iska. In feda ta yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga tiyo. Iska tana matsuwa, saboda haka ƙarfin ƙafa yana ɓata a banza. Mutum biyu ke fid da ita. Yaron makaniki ya taka feda sau da yawa ya riƙe, makaniki kuwa ya kwance ƴar ƙusa a bayan taya, kumfa ya fita. Sukan fara daga tayar da ta fi nisa da famfo.

Na uku, cinyewar takalma. In feda tana ƙasa amma da tauri, takalman birki ne suka cinye, suka yi nesa da ganga. Sai a matso da su, ko a sake sababbi.

Na huɗu, babban famfo. Direba ya taka feda ya riƙe. In tana nutsewa sannu-sannu, kuma ba a ga yoyo ko'ina ba, robobin cikin famfo ne suka lalace. Tilas a sake su.

Man birki yana shan laimar iska, don haka akan sake shi duk shekara 2. Ba a zuba man inji a wurinsa, domin yana kumbura roba. Direba mai hankali yakan gwada fedarsa tun da safe, kafin ya ɗauki fasinja.

Tambayoyi

1. Don me iska take ɓata birki?
2. Mene ne ya lalace in feda tana nutsewa sannu-sannu?
3. Mita nawa mota mai gudun kilomita 60 a awa take ci cikin daƙiƙa 3?