Ƙarar Mai Gida Ba Ta Ƙarewa Ranar Da Ka Kwashe Kayanka

A Amurka, da zarar mai gida ya shigar da ƙarar ɗan haya don a tashe shi, sunan ɗan hayar ya shiga kundin kotu. Ko daga baya ya biya kuɗin, ko alƙali ya kori ƙarar, sunan yana nan. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su kwashi sunaye daga kotuna, su sayar wa masu gidaje. Ka je neman haya, a karɓi takardunka, bayan kwana biyu a ce maka an ba wani. Cibiyar Eviction Lab ta Jami'ar Princeton ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2018 ana shigar da irin wannan ƙara kusan miliyan 3.6 a kowace shekara.

'Yan'uwanmu mazauna Bronx da Harlem a birnin New York, 'yan Nijar ne ko 'yan Ghana ko 'yan Najeriya, ga inda muke cutar kanmu. Sammaci ya zo, kunya ta kama mutum, ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali kan kuɗin haya ba. Sai ya kwashe kayansa cikin dare ya raɓe wajen ɗan'uwa, yana ganin magana ta mutu. Ranar zama kuwa, idan ba a gan shi ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa, kuma wannan hukuncin shi ne tabon da ya fi wuyar gogewa. Kunyar yini ɗaya ta jawo wahalar shekara bakwai, domin dokar tarayya ta 1970 kan rahoton bashi ta yarje wa kamfanonin nan su riƙa nuna ƙarar har tsawon wannan lokaci.

Alhali a birnin New York ba sai ka je kai kaɗai ba. A 2017 birnin ya zama na farko a ƙasar da ya ba ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi haƙƙin samun lauya kyauta a shari'ar tashi, muddin kuɗin shigar gidansa bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba. Rashin takardun zama ba ya hana ka wannan haƙƙi, kuma kotu na ba da tafinta. Kira lambar 311, ko ka nemi ƙungiyar Legal Aid Society. San Francisco ta bi sahu wajen ba da wannan haƙƙi a 2018, jihohin Washington da Maryland da Connecticut kuma a 2021.

Goge tsohon tabo kuwa, kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya ana ɓoye ƙarar tun farko, ba ta fitowa fili sai idan mai gida ya yi nasara cikin kwana 60. A Minnesota kana iya roƙon kotu ta share ta daga kundi. Jihar New York ta bi ta wata hanya: dokarta ta 2019 ta haramta wa mai gida hana ka haya don kawai an taɓa shari'a tsakaninka da wani mai gida. Doka ce mai kyau, sai dai wane mai gida ne zai faɗa da bakinsa cewa dalilinsa ke nan? Idan kuma a bayan idonka aka yanke hukunci, lauya zai iya roƙon kotu ta soke shi, in kana da uzurin rashin zuwa da kuma hujjar kare kanka.

Duk wanda aka hana haya saboda rahoton kamfani, wajibi ne mai gida ya gaya masa sunan kamfanin. Kana da kwana 60 ka nemi kwafin rahoton kyauta. Ka duba shi da kyau, domin sunayenmu suna kama da juna, Muhammad Ibrahim nawa ne a Bronx? Ƙarar wani na iya faɗowa kanka. Idan ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, a ƙa'ida kwana 30 gare su su bincika, su gyara ko su cire abin da ba su iya tabbatarwa ba. Ka haɗa da kwafin rasit da takardar korar ƙara, asalin kuma ka adana a hannunka.