Ƙaramin Ma'ajin Da Ke Tayar Da Kwamfuta

Kafin kwamfuta ta nuna kome a fuskarta, akwai wani umarni da take fara karantawa, wanda ake kira BIOS, ko UEFI a na'urorin zamani. Shi ne yake duba sassan na'urar, sa'an nan ya miƙa ragama ga Windows ko makamancinsa. Ana ajiye shi cikin wata 'yar ƙwayar ma'aji a jikin babban allon na'urar, wadda ba ta wuce farcen yatsa ba.

Ƙwayar nan tana da iyaka. Kilobayit 8 ya ishi kwamfutar IBM ta 1981. Alluna da yawa na baya-bayan nan kuwa megabayit 16 suke ɗauka, watau ninki fiye da dubu biyu, amma duk da haka wuri yakan ƙare. Ba rowar masu ƙira kaɗai ta jawo wannan ba. Tsohuwar hanyar kiran gurbi a ƙwayar tana amfani da lambobi 24 na sifili da ɗaya, waɗanda ba su iya ambaton gurbi fiye da 16,777,216. Na'urar da ta san wannan hanya kaɗai, ko an ba ta ƙwaya mai megabayit 32, rabi take gani.

Abin ya fito fili a allunan AM4 na kamfanin AMD na Amurka. Kowane sabon furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, yana bukatar nasa umarni a ƙwayar. Da Ryzen 3000 ya fito a 2019, sai kamfanin MSI ya rage ƙawar shafin BIOS a wasu allunansa, ya kuma cire tallafin waɗansu tsofaffin furosesa domin a sami wuri. A 2020 AMD ya ce allunan jerin 400 ba za su karɓi furosesa na gaba ba, sabo da ƙarancin wurin nan. Da masu saye suka yi ca, ya janye maganar.

Sabo da haka ana jawo hankalin jama'a, musamman masu sayen kwamfutar hannu da ma'aikatan ofisoshi: kafin a sabunta BIOS, a duba jerin furosesan da sabon ya yarda da su a shafin kamfanin da ya ƙera allon, domin mai yiwuwa ne an cire wanda ke cikin na'urar. Kada kuma a fara aikin sai da batiri ko wuta tabbatacciya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, na'urar tana iya ƙin tashi sai mai gyara ya sake rubuta ƙwayar.