Kafin Ka Kwance, Auna Wuta

Na haɗa ɗan akwati mai sauya muryar gita don wasan ɗalibai. Ana jibi wasa, sai muryarsa ta shaƙe.

Da fari na auna batir, akwatin yana kunne. Maimakon bolt 9 na ga 6. Na jona adaftar da na sayo a kasuwar Mubi, shiru. Ashe tsakiyar soketin akwatin nagetif ne, na adaftar kuwa fozitif. Dayod ɗin tsaro ne ya hana shi ƙonewa. Da na juya wayoyin ya yi magana, amma da gurnanin wutar gari. Na sa kafasita mai maikrofarad 1000, gurnani ya kwanta.

To, 'yan'uwa, in kayanku sun ƙi, ku fara tuhumar wuta.