Gonar da ake noman wuta



Kowa ya san Malbaza, a cikin jihar Tawa, da masana'antar siminti. Tun shekarar 2018 an samu wani abin kallo a can: babban fili mai shinge, cike da baƙaƙen alluna a jere kamar kunyoyin gona. Su ne waɗanda muke kira pano. Tashar wutar rana ce, babba ta farko a Nijar, mai ƙarfin megawat 7, kuma Indiya ta ba da bashin gina ta. A 2023 aka gama wadda ta fi ta a Goru Banda, kusa da Yamai. Ita megawat 30 gare ta, da allo fiye da 55,000 a kan hektar 27. Ta ci kusan miliyar 20 na sefa, mafi yawa daga Faransa da Tarayyar Turai.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1965 aka kafa ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, kuma Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabancinta. A lokacinsa allunan suna da tsada ƙwarai. Yau sun yi araha.

Amfanin abin ya fito fili a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, bayan juyin mulkin watan Yuli. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga can take zuwa a lokacin. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Kar manomi ya ce wannan damuwar mutanen birni ce. A gandun noman rani na Jiratawa, kusa da Maraɗi, lantarki ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Ran da wuta ta ɗauke, ruwa ba ya hawa, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Rana dai babu mai yanke mana ita.

Amma allo yana da halinsa. Da dare ba ya ba da komai, sai an haɗa shi da batir, ko injin gasuwal ya karɓe shi, shi ya sa tashar gasuwal ta Goru Banda ba ta zama banza ba. Kuma haske yake ci, ba zafi ba. Mutane da yawa suna zaton a watan Afrilu ya fi ƙarfi, alhali in ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake. Babban magabcinsa ƙura. In hunturu ya lulluɓe shi, wuta ta ragu, dole a share ko a wanke. Allo 55,000 ba da buta ɗaya ake wanke su ba. Don haka in an zo kafa tasha kusa da gari, a tambaya tun farko: ruwan wankin daga wace rijiya zai fito?

Abin da ya fi damuna, ni malamin gona, shi ne fili. Ku duba lissafin Goru Banda: kusan hektar ɗaya ga kowane megawat. Ke nan tasha mai megawat 100 za ta ci gonakin gidaje da dama. A Maroko, tashar Nur ta Warzazat ta shimfiɗu a kan hektar 3,000. Masu aikin suna neman shimfiɗaɗɗen wuri, kusa da babbar waya da hanyar mota. Irin wannan wuri a kudancin ƙasarmu ba kasafai yake zaune banza ba. Ko gero ke kansa, ko makiyaya ce, ko burtali ya ratsa shi. Wanda ya zo daga birni cikin rani zai ga fako, ya rubuta cewa babu kowa. Da ya dawo da damina, da ya ga shanu.

Doka ta ce in gwamnati za ta karɓi gona don amfanin jama'a, sai ta biya diyya kafin ta karɓa. To, diyya tana bin wanda ya iya nuna cewa gonar tasa ce. Na sha zama da magidanta da ke noma wuri tun kakanni, ba su da ko takarda guda, shaidarsu kawai tsohon da ya san iyaka, shi ma ƙafarsa ɗaya a kabari. Mai aro da mai jingina sun fi shiga uku, don sau da yawa ba a ko rubuta sunansu. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma yau akwai su har a komin da ƙauye. Ku da kuka yi karatun manya, ku raka iyayenku can da maigari da shaidu, a rubuta gona, a karanta muku takardar, ku ma ku karanta da idonku kafin a sa hannu. Makiyaya su ma su nemi a sa wa burtali alama.

Sauran tambaya ɗaya da za a yi a zaman farko. Wutar babbar tasha cikin babbar waya take shiga ta wuce. Ƙauyen da ba shi da turaku zai iya kwana a duhu, tasha tana bayan dangarsa. In an yi alkawarin jawo wa gari wuta, ko ɗaukar samari aikin shara da gadi, a sa shi cikin takarda, maigari da magajin gari su riƙe kwafi.