Magani Biyu da Suka Ci Jarrabawar Ɓera

A 1986 aka wallafa bincike biyu a Amurka, dukansu a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon suga da gangan. A Boston, ayarin Barry Brenner ya ba su enalapril, maganin hawan jini, don ganin ko zai kare musu ƙoda. A Jami'ar Rockefeller kuwa, Michael Brownlee da abokan aikinsa suka gwada aminoguanidine.

Dabarar enalapril mai sauƙin fahimta ce. Ƙoda cike take da ƙananan matatai, ciwon suga kuma yana sa jini ya riƙa shigarsu da ƙarfi har su fara yoyon furotin cikin fitsari. Maganin yana sassauta jijiyar da jini ke fita ta cikinta, sai matsin ya ragu. Ɓerayen sun ci gaba da fama da suga, amma ƙodarsu ta tsira. A 1993 aka fitar da sakamakon gwada ɗan'uwansa captopril a kan mutum 409, haɗarin mutuwa ko wankin ƙoda ko dashe ya ragu da kusan rabi. Yau captopril da lisinopril suna nan a kyamis-kyamis na Kano da Damagaram.

Aminoguanidine ya fi burgewa a takarda, domin tushen ɓarnar ya nufa, wato hana suga manne wa furotin na jiki. A ɓeraye ya rage yoyon. Da aka zo kan mutum 690, bambancinsa da maganin bogi bai kai a dogara da shi ba. Gwaji na biyu ma dakatar da shi aka yi saboda fargabar illa.

A ganina laifin ba na ɓera ba ne. Shi ana fara ba shi magani tun cutar tana ɗanya, a auna fitsarinsa bayan 'yan watanni. Mutum kuwa sai ya shekara goma ko fiye, ƙafa ta kumbura, kafin ya je asibiti. Ga kuma wata fa'ida da enalapril ya samu: an riga an san halinsa a jikin mutane.

Don haka in mai tallan magani ya ce an gwada zogale ko shuwaka a jami'a an ga suna kare ƙoda, tambaye shi: a jikin wa? In kana da suga, ka riƙa kai fitsarinka awo duk shekara.