Mene Ne Akwatin Gem Na Arked?

Matasan Bauchi sun saba da gidan gem mai PlayStation, amma kafin zuwanta akwai arked: dogon akwatin katako mai allon kallo, maɓallai da sandar sarrafawa, wanda sai an jefa masa kwabo yake aiki. Yanzu masu sha'awa suna haɗa shi a gida da kayansa na asali.

Ƙwaƙwalwarsa faifan lantarki ne mai ɗauke da wasa, kamar Street Fighter II da kamfanin Capcom ya fitar a 1991. Tun 1985 kamfanonin Japan suka amince da tsarin JAMMA, wato mahaɗi guda mai haƙora 56 da ke ɗaukar wuta, hoto, sauti da maɓallai. A zare wannan faifai, a soka wancan, wasa ya sauya. Wutar bolt 5 da 12 faifan yake ci, don haka dole a sa masa na'urar rage ƙarfin wuta.

Kafintan unguwa zai iya ƙera akwatin. Faifan kuwa daga waje ake sayowa. Haɗarin yana ga allon, irin na tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an kashe shi. Wannan a bar wa mai gyaran talabijin.