Kwatance: Ma'anarsa da Amfaninsa Wajen Bayani da Kafa Hujja

1.0 Ma'ana

Kwatance shi ne a ɗauki abin da aka sani a haska wanda ba a sani ba, saboda wata siffa da ta haɗa su. Malaman fiƙihu suna kiransa ƙiyasi, kuma sun ba shi rukunai 4: asali, reshe, illa da hukunci. Giya ita ce asali, sabon abin maye shi ne reshe, gusar da hankali ita ce illa, haramci kuwa shi ne hukunci.

2.0 Kwatance wajen bayani

A ɗauki Basakkwacen da bai taɓa zuwa Malanville ba, wato garin da ke arewacin Jamhuriyar Benin, daura da Gaya ta Nijar. Idan aka ce masa, "Yadda Illela take ga Birnin Ƙonni, haka Malanville take ga Gaya," nan take zai gane: gari ne na kan iyaka, mai babbar kasuwa da fatake da jami'an kwastan.

3.0 Kwatance wajen kafa hujja

A nan ne ake yin tuntuɓe. Mutumin nan yana iya cewa, tunda mai tsallakawa daga Illela zuwa Ƙonni yakan canja naira da sefa, to haka mai zuwa Malanville daga Gaya. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba, domin babu illar: Benin da Nijar duk sefa ɗaya suke kashewa. Haka kuma Kogin Kwara ne ya raba Gaya da Malanville, kuma Dandanci ne harshen 'yan ƙasa, ko da yake ana ciniki da Hausa. Kama da wane dai ba ta wane.

4.0 Kwatance a cikin harshe

Shi kansa harshe da kwatance yake gina sababbin kalmomi, kamar yadda Bajamushen nan Hermann Paul ya bayyana a 1880. Bahaushe ya ari kalmar "mota" ba tare da jam'inta ba, sai ya auna ta da "ƙofa, ƙofofi" da "taga, tagogi", ya sami "motoci".

5.0 Kammalawa

Saboda haka, kafin ɗalibi ya karɓi kowane kwatance, ya kamata ya tambayi kansa: wace siffa ce ta haɗa abubuwan biyu, kuma shin a kanta hukuncin ya rataya?